Daɓen Ɗakin Jidda

Malama Kubura Nasidi,
Gidan marigayi Umar Barunje,
Shiyar Rundawan Gangare,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.
Litinin, 14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Kwamitin Sa Ido kan Injinan Niƙa Dutse da Lafiyar Unguwanni,
Shiyyar Mafara, Bakura da Maradun.

Ta hannun: Mai Unguwar Gangare, Malam Hassan Ishaq.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: GUBAR DALMA DA KE CIKIN DAƁEN ƊAKUNANMU, DA ALKAWARIN KANKARE TA DA BA A CIKA BA, DA JIKATA JIDDA WADDA ZA A SALLAMA DAGA ASIBITI BABU INDA ZA A SAUKE TA

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da muƙaminka, tare da fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so, Allah ya sa haka, amin. Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, shekaruna sittin da bakwai, a wannan shiya aka haife ni, a cikinta na yi aure, a maƙabartarta kuma mijina yake. Wannan ita ce takarda ta uku da na rubuto ofishinka. Biyun farko na san sun iso, domin da ƙafata na kawo su. Ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka.

1. Zan fara da asalin shiyarmu, domin ba na zaton akwai shi a fayil. Mu rundawa ne, wato mahauta. Tun zamanin kakannin kakanninmu aka zaunar da mu a gangaren nan, can gefen gari, saboda jini da warin fata. Ba mu yi gardama ba, kowace sana'a da mazauninta. Mutanen gari suna cin namanmu a suna da biki da salla, amma kaɗan ne za su nemi auren 'yarmu, wannan kuma tsohon zance ne, ba shi na kawo ba. Abin da na kawo shi ne, tun ina yarinya, duk abin da gari ya ƙi jin warinsa ko ƙararsa, sai a ce a kai shi gangare, ai su sun saba. An kawo mana juji. An kawo masu buga bulo da masu ƙona taya. An kawo injinan gyaran shinkafa da janaretocinsu. Ko sau ɗaya ba a taɓa tara mu an tambaye mu ba, mu ma ba mu taɓa rubuta takarda ba sai yanzu.

2. A farkon shekarar 2021 aka ba Kamfanin Tudun Albarka filin da ke saman shiyarmu, ya kafa injinan niƙa dutsen zinari da kwatamin wanke shi. Ana kawo dutsen a buhuna daga daji, a niƙe shi ya zama gari, a wanke, a tsame abin da ake nema, sauran ƙasar a tara ta tsibi-tsibi a bakin ƙofa. Da kamfanin ya zo kewaye filinsa, sai katangarsa ta haɗiye ramin marmarar da matan shiyar nan suke ɗiba tun kafin a haifi uwata. An kuma sare tsohuwar tsamiyar da ke bakin ramin. Ina roƙon mai girma Darakta ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, ramin da tsamiyar, domin duk abin da ya biyo baya daga gare su ya taso.

3. Ba mu da ƙarfin siminti, daɓe muke yi. Bayan an kawar da amfanin gona, mata sukan yi gayya gida-gida: a zuba marmara, a yayyafa ruwan makuba, a jeru a durƙushe da madaɓai a hannu, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi santsi. A shiyar nan muna da wata al'ada da muke taƙama da ita, cewa ɗiya ba ta dawowa gidan uwarta ta taka tsohon daɓe. Ko haihuwa ta zo, ko jinya, ko takaba, sai an sabunta mata ɗaki. Da aka rufe ramin, mun yi shekara guda ba mu yi daɓe ba. A watan Disamba na 2022 Inna Jummai, wadda ita ce ke ba da waƙa a gayyarmu, ta je bakin ƙofar kamfanin ta roƙi a bar mu mu shiga mu ɗebi marmara. Mai gadi ya ce manaja ya hana shiga, amma ya nuna mata tsibin nan na bakin ƙofa, ya ce da ita: “Ku kwasa, Inna, wagga ƙasa wankakka ta, ta hi ta rami tsabta.” Kwana biyu bayan haka tifar kamfanin da kanta ta juye mana lodi uku a bakin masallaci, muka aika da godiya. Ban taɓa ganin ƙasa mai kyan daɓe irinta ba. Laushi gare ta, tana kama makuba nan da nan, in ta bushe sai ta yi fari-fari tana ƙyalli. Matan cikin gari har leƙowa suka riƙa yi suna tambaya ina muka samo. Gidaje ashirin da shida muka daɓe da ita.

4. A cikin watan nan ne ɗiyata Zakiyya ta dawo. Tana aure a Gidan Goga, hare-haren 'yan bindiga suka tashe su, mijinta ya kawo mini ita da yara biyu, shi kuma ya bi fataucin shanu zuwa kudu. Babban, Misbahu, yana da shekara biyu da 'yan watanni. Ƙaramar, Jidda, tana rarrafe. Ɗakin da aka sauke su shi ne ya fi kowane samun bugu, domin mata sun ji tausayin abin da ya koro ta, suka yi masa zubi biyu. Na tuna ranar da suka shiga, Misbahu ya kwanta rub da ciki ya manna kuncinsa a ƙasa saboda sanyinta, muna ta yi masa dariya. Zakiyya ta ce yau dai za ta yi barci da ido biyu rufe. An gudu ba a tsira ba, ranka shi daɗe.

5. Da bazara ta shigo, yara suka fara. Amai, kuka marar dalili, sai ciki ya ɗaure, sai jijjiga, ido ya juye. Wanda ya fara tafiya sai ya koma rarrafe. Wanda ya fara magana sai ya yi shiru. Manya kuwa lafiyarmu lau, ban da ciwon kai. Mu a saninmu, ciwon da ke zaɓar yara ya bar manya, ya kuma zo bayan an sare tsamiya irin waccan, sunansa ɗaya. Muka ce mutanen tsamiyar ne aka rushe wa gida suka gangaro. Aka yi sauka, aka yi sadaka, aka yi turare. Dattawa suka yanke cewa kada a sake barin ƙaramin yaro ya fita tsakar gida, balle bakin hanya, har sai abin ya lafa. Muka kwashe 'ya'yanmu muka shigar da su ɗaka, muka saki labule, muka ja ƙyaure. A kan daɓen nan suka wuni, a kansa suka ci tuwo, abin da ya faɗi suka tsinta suka sa a baki, a kansa suka kwana saboda zafi. Gwargwadon yadda uwa ke son ɗanta, gwargwadon yadda ta tsare shi a ciki. Zakiyya kuwa, wadda ta riga ta ga abin da ta gani a daji, ko ƙofar ɗaki ba ta bari Misbahu ya leƙa. Ya rasu ranar 9 ga Mayu, 2023. Shi ne na biyu. Kafin ƙarshen shekarar da ta biyo baya sun zama tara, babu wanda ya kai shekara biyar.

6. Akwai abin da nake so a rubuta a fayil ko da ba shi da sashe a dokarku. Ragowar ƙasar nan ta bakin masallaci, da ita maza suka riƙa tayar da kaburburan yaran, domin tana kusa kuma ba ta da tsakuwa. Damina biyu ta wuce. Ciyawa ta rufe kowane kabari a maƙabartar, har na waɗanda aka binne bayansu, amma ba ta fito a kan waɗannan ba. In mutum ya tsaya a bakin hanyar Bakura ya dubo gangare, zai ga tabo tara farare a jere, gajeru. Maƙabartar tana bayan katangata. Ba na zuwa, mata ba sa zuwa, amma duk sanda na hau turmi zan shanya wani abu a kan katangar sai na gan su, kuma na san na biyu daga hagu.

7. A ranar 15 ga Oktoba, 2024, ma'aikatan lafiya suka zo tare da jami'an kwamitinka. Suka ɗebi jinin yara, suka ɗora wata na'ura a kan daɓenmu ɗaki-ɗaki. A ranar muka fara jin sunan gubar dalma. Aka ce tana cikin dutsen tun daga daji, wanki ba ya fitar da ita, kuma jikin yaro ya fi na babba shan ta. A zauren Mai Unguwa aka gaya mana. Mata ashirin da wani abu, kowace tana kallon hannunta. Bayan mako biyu jami'anka suka dawo da jan fenti suka yi wa gidaje ashirin da shida alama a ƙofa. Suka ce kafin ƙarshen shekara za a zo da ma'aikata masu kayan kariya a kankare daɓen, a kwashe, a zuba ƙasa mai kyau. Suka kuma gargaɗe mu da babbar murya cewa kada wanda ya kuskura ya fasa daɓen da kansa, domin ƙurar da za ta tashi ta fi daɓen haɗari, kuma babu inda za mu zubar da ba za ta koma rijiya ba. Mun ji, mun bi. Yau wata biyar ke nan da rabi. Fentin ya fara koɗewa, babu wanda ya zo ko da da cebur ɗaya. An hana mu tonewa, an ce kuma zama a kai mutuwa ne: gaba kura, baya siyaki. Abin da jan fentin ya yi mana kawai shi ne, masu sayen kilishi sun daina tsayawa a ƙofofin da ke da shi.

8. A ranar 11 ga Fabrairu na bana na zo ofishinka da takardata ta biyu. Ban same ka ba. Jami'in da ya karɓa, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin ɗan cikina ne a shekaru, ya karanta a tsaye, ya ce matsalar mutanen gangare jahilci ne, wa ya aike mu kwasar sharar kamfani mu shimfiɗa a ɗaka. Na yi shiru a lokacin saboda ofis ne. Yanzu zan amsa, da ladabi. Ba mu haura katanga ba. Ramin da muka gada aka rufe, ƙasar da aka ce wankakkiya ce aka kawo mana har ƙofar masallaci a motar kamfani, da rana tsaka, ranar kasuwa. Masu injin da masu ba su lasisi, su ne suka yi karatun dutse. Mu nama muka sani, kuma babu barunjen da zai ga dabba ta mutu da kanta ya yanka ya miƙa wa maƙwabcinsa kyauta ya ce halal ce. Na koyar da yara shekara talatin da biyar, ciki har da wasu da ke zaune a ofisoshi yanzu, ban yarda a rubuta mutuwar jikana a ƙarƙashin jahilcina ba. A makon da aka gaya mini wannan magana ne kuma muka ji an sabunta wa kamfanin lasisi. Tsibin ƙasar yana nan a bakin ƙofa, ya fi da tsawo, babu shinge, babu allon gargaɗi, ga damina tana matsowa, ruwa kuma gangare yake bi.

9. Inna Jummai ta rasa jikoki biyu. Tun ranar da aka yi gwajin ba ta sake shiga ɗaki ba, a zaure take kwana a kan benci. Ta tattara madaɓan shiyar nan duka ta ƙone. Injinan kamfanin suna da wani bugu da suke yi in an zuba sabon dutse, dum, dum, dum, ana jin sa a ƙasa kafin a ji a kunne. Da ba mu kula ba. Yanzu kowace mace a shiyar nan ta san da abin da yake kama. Inna Jummai takan tsaya cak a tsakiyar hanya in ya fara, leɓenta yana motsi, sai an kama hannunta. Ta ce da ni: “Malama, ni na ba da waƙa, su ko suna amsawa har yanzu.” Ban san waɗanda take nufi ba, ban kuma tambaya ba. Ni kaina, Allah ya sani, in na shiga ɗakin Zakiyya ɗaukar wani abu, a kan yatsu nake tafiya, kamar akwai mai barci. Daɓen yana nan da kyansa, ko tsaga bai yi ba. Akwai wani wuri kusa da ƙofa da Misbahu ya dangwala tafin hannunsa ranar da aka yi gyaran bakin ƙofar, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ina so a kankare ɗakin nan yau, ina kuma tsoron ranar da za a kankare shi. Amma ba don wannan na rubuto ba.

10. Don Jidda na rubuto. Yanzu shekarunta sun kai daidai inda na wanta suka tsaya. A cikin yaran da aka gwada, jininta ya fi na kowa dalma. A watan Janairu ta daina tafiya, ta daina kiran sunan uwarta, aka kwantar da ita a asibiti. An yi mata magani zagaye-zagaye, Allah ya saka wa likitocin nan da alheri. Ranar Juma'ar da ta wuce na je, na tarar ta kama ƙarfen gado ta miƙe, ta saki, ta tako har inda nake. Likita ya ce za a sallame ta ranar Alhamis, 24 ga Afrilu, domin akwai masu jiran gadon. Ya kuma gaya mana a fili, ya rubuta a katinta, cewa magani yana fitar da abin da ya shiga ne kawai, ba ya hana wani shiga. In ta koma kan ƙasar nan, za ta dawo masa, kuma ba ya ba mu tabbacin wace ce za ta dawo.

11. Kada mai girma Darakta ya ce a kai ta wani wuri, mun riga mun nema. Gidan ubanta a Gidan Goga babu kowa a cikinsa. 'Yan uwanmu na Damaga su ma a warwatse suke, wasunsu ma a shiyar nan suke raɓe. Gidajen da ba su da jan fenti a gangare sun cika maƙil da yaran da aka kwaso daga masu fentin. Mun nemi ɗakin haya a cikin gari wuri huɗu. Da an ji daga inda muke, sai a ce an riga an ba wani. Wata ta fito fili ta ce ba ta son a kawo mata ciwon gangare cikin 'ya'yanta, na yi mata bayani cewa ba a ɗauka, ta ce ta ji, ta rufe ƙofa. Na shimfiɗa leda da tabarmi a ɗakina da tsakar gida, amma ma'aikatan lafiya sun ce wannan dabarar kwana biyu ce, ƙura tana bi ta ƙarƙashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nawa ɗakin daga ƙasa yake yi.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon mai girma Darakta:

(a) Ya ba da umarnin a fara kankare daɓen gidaje ashirin da shidan nan kafin ruwan farko. In kuɗin duka bai samu ba, a fara da gidajen da ke da yara a asibiti. In wannan ma ya yi yawa, a kankare ɗaki ɗaya kafin ranar 24 ga wata. Ɗaki ɗaya na roƙa, ƙafa goma sha biyu ne.

(b) In ma'aikata ba za su samu ba, a aiko mana da mutum ɗaya da ya san aikin, da kayan rufe hanci, da mota, a nuna mana inda za a zubar. Matan da suka buga daɓen nan suna nan da ransu, kuma babu wadda za a roƙa sau biyu.

(c) A tilasta wa kamfanin ya kwashe tsibin da ke bakin ƙofarsa, ya daina ba kowa ko da kwano ɗaya, domin na ji ana cewa tifarsa ta fara kai lodi wani ƙauye a hanyar Maradun, inda ake gina makarantar allo.

(d) A buɗe mana ramin marmararmu.

(e) A zo a gani. Daga ofishinka zuwa gangare ba ya kai mota ta sha mai. Za mu ba ka kujera, mun daina zaunar da baƙo a ƙasa.

Ranka shi daɗe, ban iya barazana ba, ba ni da wanda zan kai ƙara wurinsa bayan kai sai Allah. Zan dai gaya maka abin da zan yi, domin ya zama a rubuce. Ranar Alhamis ɗin sallamar zan je asibiti da zane biyu. Zakiyya ba ta da ƙarfin goyo yanzu, tun rasuwar Misbahu ba ta koma daidai ba, don haka ni zan goya Jidda. Zan kawo ta gida a bayana, in yi girki da ita, in yi salla a zaune da ita, in kwana a kan kujera tana ƙirjina. Ba zan sauke ta a ƙasar nan ba. Sai dai yarinya ce da ta sake koyon tafiya a makon jiya, tana ɗokin ƙafarta, za ta yi ta zillo tana nuna ƙasa, ni kuma ba ni da bakin da zan gaya mata abin da ya sa. Na ambata shekaruna a farkon takardar nan. Ina roƙon a zo kafin bayana ya gaji.

Ina neman afuwa in akwai inda harshe ya zarce. Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da adalci, ya raya masa tasa zuri'ar a kan ƙasa mai tsabta.

Taka mai biyayya,

Kubura Nasidi (Malama)
Kakar Jidda da marigayi Misbahu,
a madadin matan gidaje ashirin da shida masu jan fenti.

Na gani, abin da ta rubuta haka yake:
Hassan Ishaq, Mai Unguwar Gangare.